Gidan Zanzaro a Ɗakin Yayata

Abin da zan faɗa ya daɗe da faruwa, ni kuwa ban yarda da ƙwaƙwalwata kamar da ba. Mai yiwuwa na haɗa ranaku biyu na mai da su ɗaya, ko na sa wa wani maganar da wani ne ya yi ta. Shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Na dai san an riga an sauya wa ƙasar suna daga Dahome zuwa Benin, soja ke mulki, kuma kowa a Malanville ya zama kamarad, har mai sayar da goro a bakin gada.

Lokacin ban jima da dawowa daga karatu a kudu ba, ina koyar da ilimin halittu a kwalejin garin. Ina zaune a gidan Inna, mahaifiyarmu, wadda sana'arta suyar kifi. Yayata tana aure a unguwarmu, ƴar tafiya kaɗan daga gida.

Mijinta dillalin albasa ne. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, in ya yi ciniki a bakin kasuwa ana jin muryarsa a tasha. Da aka ce kowace unguwa ta fitar da delege, wato wakilin juyin juya hali, shi aka ba. A ganina muryar ce ta ba shi, da ɗan faransancin da ya tsinta a bakin direbobi. Ya ɗinka kaki, ya sayi hula mai baki da mobilet, wato ɗan ƙaramin babur. Telan ya tsuke wuyan rigar, maɓallin sama bai taɓa shiga ba.

Wannan ƙaton mutum yana tsoron duk wani abu mai rai da bai kai ɗan yatsa girma ba. Rina, kyankyaso, gyare, har fara in ta tashi ba shiri. Amma gizo-gizo ya fi duka. Yakan ce tautau ya yi masa fitsari a wuya yana yaro, har ya nuna wani ɗan tabo da sai mutum ya matso sosai zai gani. Buhunan albasar da ake kawowa daga Garou ba su rabuwa da gizo-gizo, don haka a duk shekarunsa na dillanci ba wanda ya taɓa ganin ya sa hannu a buhu. Sai ya shure shi da ƙafa ya ja baya, ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu, wai daga ƙarar yake gane albasa mai kyau. Ƴan dako suna kwaikwayonsa in ya juya baya. An ce wata rana a cikin jirgin ruwa wani gizo-gizo ya fito daga buhu, shi kuwa ya yi tsalle zuwa ɗaya gefen, saura kaɗan jirgi ya kife da mutane. Wannan ban gani ba, ji na yi.

Ba na raina mutum don yana jin tsoro. Ni kaina har yau sai na kakkaɓe takalmi kafin in sa ƙafa, saboda wata kunama da ta taɓa gaishe ni. Da ya ce yana tsoro, da mun yi masa dariya mun kore masa abin, magana ta ƙare. Abin da na raina, kuma har gobe ina raina shi, shi ne mutum ya ɗauki tsoronsa ya sa masa kaki da hula, ya ce aƙida ce.

Yayata ta yi ɓari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta kai ba ta faɗa wa kowa in ta samu ciki, sai dai Inna ta gane daga tafiyarta. A wannan karon ciki ya wuce watannin da sauran suka zube, kuma a daidai lokacin ne zanzaro ya fara gini a ɗakinta, a jikin azara, sama da ƙofa ta ciki.

A gidanmu, da gidaje da dama na Hausawa da mutanen Dendi da na sani, in zanzaro ya yi gini a ɗakin mai ciki ba a taɓa ginin sai ta sauka. Ban ce haka ake yi ko'ina ba. Tsofaffi sun ce yana rufe ƴaƴansa ne a cikin laka yadda Allah ke rufe ɗa a ciki, wanda ya fasa wannan ya buɗe wancan. Ni mai koyar da ilimin halittu ban yarda da haka ba, ban kuwa ga abin da ginin ya tare wa kowa ba. Zanzaro ba rina ba ne, ba ya harbi sai an matse shi. Yayata kuwa ta kama abin nan hannu biyu. Takan zuba ruwa a gindin randa don ya samu laka kusa. Takan ɗage asabarin ƙofa ta bar masa hanya. In ya shigo da ɗan curinsa yana wannan ƙugi nasa, sai ta ajiye abin da take yi ta bi shi da ido. Na ga fuskarta ta cika, ta koma cin abinci, har tana tsokanata kamar da.

Mijin ya daina shiga ɗakin. Ya mai da shimfiɗarsa shagon zaure, ya ce aikin juyin juya hali ya yi masa yawa, mutane suna nemansa kowane lokaci. Unguwa duka ta san dalili. Mata a bakin rijiya suka fara tambayar juna ko Delege ya samu izinin zanzaro yau. Ina jin wannan ce ta kai kunnensa.

Wata rana na fito daga aji na same shi a ƙofar makaranta bisa mobilet. Tsakanina da shi akwai wasa, irin na mutum da ƙanin matarsa.

"Kamarad ƙanin mata, tsaya! Kai da anka kai kudu anka cika ma kai da takarda, yau ranarka ta."

"Ina wuni, Yaya Delege."

"Ran Asabar akwai tsabtar unguwa. Ina son ka tsaya gaban jama'a ka hwaɗa musu gidan zanzaro shina kawo ciwo. Da faransanci za ka hwaɗi."

"Wane ciwo?"

"Yo ni nay yi karatun lakwal ko kai? Zaɓi guda. Mai dogon suna."

Na ce masa ban karanta haka a ko'ina ba, amma in yana so zan rubuta wa malamaina a kudu in tambaya.

"Kai dai Allah ya sawwaƙe ma. In anka tambaye ka ko rana ta hito, sai ka ce bari ka duba littahi."

"Yaya, in don na ɗakin yayata na, bari ta sauka. Saura kaɗan."

Nan take wasa ya bar fuskarsa.

"Wa yac ce ma don shi na? Muna yaƙi da camfi. Delege ba shi hana ma mutane abu ya bar shi gidanai. Kuma ka gaya ma Inna ta yi hankali da bakinta. Zamanin ga, tsohuwar da tac cika zancen camfi jandarma ka zuwa ɗaukarta."

Wannan ba barazanar banza ba ce a shekarun nan, mun ji labarin tsofaffin da aka kama a wasu garuruwa da sunan maita. Yana cikin kallona da jan ido sai wani ƙudan zuma ya zo yana shawagi bisa madubin mobilet. Wakilin juyin juya hali ya noƙe wuya cikin kafaɗu, ya tura mobilet da ƙafafu ya tafi ko sallama babu.

Na gaya wa Inna. Ita ba ta iya tsayawa ta yi magana da surukinta ido da ido, kunya ta hana, ga kuma zancen jandarma. Abin da ta iya shi ne ta ce yayata ta dawo gida ta haihu, tunda dama ba baƙon abu ba ne. Yayata ta ƙi.

"Ba ni barin ginin ga, Inna. In na tahi, wa za ya tsare shi? Malam ba shi hwasa shi ina tsaye. Ya san abin da nis sha."

Ranar Asabar da hantsi mai shela ya zaga, aka fito da tsintsiyoyi. Delege ya yi jawabi a ƙarƙashin darbejiya, aka yi ta ɗaga hannu ana amsa kirari da faransanci wanda yawancin masu amsawa ba su san ma'anarsa ba. Ni ban yi magana ba, bai kuma kira ni ba. Aka shiga gidaje. A kowane gida yakan tsaya a tsakiyar fili, inda ba rufi ba bango, ya riƙe ƙugu yana nuna wa samarin kwamitinsa yanar gizo-gizo da baki. Ya sa safar hannu a wannan zafin, ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya ɗora tabarau irin na masu mobilet.

Daga ƙarshe ya ce za a ga misali a gidansa. Mutane suka cika zaure da tsakar gida, har da ni da Inna. Yayata tana zaune a bakin ƙofarta, ciki ya yi gaba. Ya nuna ɗakin ya ce wa ɗaya daga cikin samarin ya shiga ya kakkaɓe abin da ke jikin azara.

"Kamarad Delege, ni ma matata ciki gare ta."

Ya juya wajen na biyu.

"Wallahi kahwaɗata ka ciwo tun jiya, ba ni iya ɗaga hannu."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To Delege ya ɗaga nashi mana, mu ga misalin." Aka yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa. Na ga zufa tana bin bayan kunnensa. Da yana da hankali ko na sisin kwabo, nan ne zai ce an ɗaga aikin sai wani mako. Amma an riga an yi dariya.

Ya sa aka kawo masa gwangwala, irin doguwar nan da masunta ke tura jirgi. Nufinsa ya tsaya a waje ya zunguri abin daga nesa. Ginin kuwa yana sama da ƙofa ta ciki, ba a ganinsa sai an shiga an ɗaga kai, gwangwala kuma ta ƙi juyawa a ɗaki. Ya yi ta fama, ya ture kwanon samira daga jere, ya kusa tsokane idon wani maƙwabci da ɗaya bakin. Ya jefar da ita. Abin da hannunsa ya kai gare shi muciya ce da aka jingine a bango. Ya ɗauka ya shiga.

Yayata ta miƙe da ƙyar ta tsaya a bakin ƙofa, bayansa, ta dafa dokin ƙofa.

"Malam, don Allah. Don darajar iyayenka. Ba ni roƙonka komi bayan wanga."

"Kauce, kamarad."

Matarsa ta aure ya ce wa kamarad, a gaban mahaifiyarta.

Ni ina kusa, tsakanina da ƙofar bai fi taki kaɗan ba. Duk yaron da ya tashi a garinmu ya taɓa fasa gidan zanzaro a bango ya ga abin da ke ciki. Zanzaro yakan kamo gizo-gizo, ya harbe su su sandare ba tare da sun mutu ba, ya cusa su a kowane ɗaki na ginin, ya yi ƙwai ya liƙe, don tsutsarsa ta samu abinci. Sai a lokacin na gane mutumin nan bai sani ba. Tsoro bai taɓa barinsa ya kusanci ginin ba ko yana yaro.

Na ce, "Yaya, tsaya. Cikin abin ga cike yake da gizo-gizo."

Ya leƙo ta kan kafaɗar matarsa ya yi wata dariyar dole.

"Ƙanin mata, wasan ga ba yau ba. Ka aje shi sai Salla."

"Ba wasa nikai ba."

"Ku ji shi! Jiya bai san komi ba, yau ya zama malamin zanzaro."

Na sha tsoratar da shi da irin wannan a wasa, in ce ga wani abu a kafaɗarsa, don haka ba zan ce bai da hujjar ƙin yarda ba. Ya tsaya daidai ƙarƙashin ginin, ya ɗaga kai, ya rufe ido, ya kai masa duka da muciya.

Ginin ya girma, zanzaro ya daɗe yana ƙara masa ɗakuna. Laka ta tarwatse, abin da ke ciki ya zubo masa. Gizo-gizo ne ƙanana da matsakaita, farare da masu ruwan ƙasa, wasu ƙafafunsu na ɗan motsi. Suka sauka a tabarau, a gemu, a leɓe, sauran suka bi wuyan rigar nan da maɓallinta bai taɓa shiga ba.

Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa a bakin namiji ba. Ya juyo zai fita. Yayata tana ƙofar. Ƙofar ɗakin ƙasa ce, mutum ɗaya take ɗauka. Ya sa tafin hannu a ƙirjinta ya ture ta, ta tafi da baya ta faɗi bisa turmin da ke kife a gefen ƙofa, da kwiɓi. Ya tsallake ƙafafunta. Bai duba ba. Ya ratsa tsakar gida yana yage riga, maɓallai na tashi, ya yar da hula, ya bi ta zaure zuwa titi daga shi sai singileti, yana marin kansa.

Mutanen da ke zaure da na waje ba su ga ƙofar ɗaki ba, shi suka gani. Dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa ƙasa. Mu da ke ciki muna kan yayata. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe ciki tana kallon ɓarɓashin laka a bakin ƙofa, tana cewa, "Ya buɗe, Inna. Ya buɗe." Zanzaron ya dawo da curin laka yana zagaya azara.

Aka samo amalanke muka tura ta zuwa likita, wato asibiti, Inna na gefe ba takalmi. Kafin la'asar ruwa ya fashe. Ta haifi mace, bakwaini, ƴar mitsitsiya, fatarta kamar ta ɗan tsako. Ungozomar ta ce mu yi addu'a.

Delege ya zo kusan magariba, ya sake riga, ya samo hularsa. Ya tsaya a baranda yana gaya wa wani ma'aikacin likitan cewa rina ce ta taso masa, gida guda, shi kaɗai ya tare ta don kada ta harbi jama'a. Ina tsaye a wurin. Na dubi fuskarsa da wuyansa, ba kumburi ko na cizon sauro. Ya tambaye ni, "Mi anka samu?" Na ce mace. Ya ce, "To, madalla," ya tambayi ko akwai wanda ya tsinci tabaransa.

Daga likita gidan Inna aka wuce da su. Inna ta naɗe jaririyar da auduga, tana jera kwalabe na ruwan ɗumi a gefenta. Yayata ta ɗaure ta a ƙirji, tana matsa mata nono a baki da ɗan cokali don ba ta iya tsotso. Aka raɗa suna ba kiɗa ba taro. Makonni muka yi ba mai ɗaga murya a gidan. Ni ina dawowa daga makaranta sai in tsaya a ƙofa in saurara kafin in shiga, in na ji ƙarar cokali a kofi sai in san tana nan.

Ta rayu. Yau tana da ƴaƴanta, tana fataucin atamfa tsakanin nan da Gaya, kuma ba ta tsoron komai da na sani.

A matsayina na wanda ya yi karatu, na ce faɗuwar ce ta kawo haihuwar, ba fasa ginin ba. Na taɓa faɗa wa Inna haka. Ta ce, "Wa yah hwasa? Wa yat ture? To mi kaka rarrabewa?"

Da aka yi arba'in Delege ya turo dattawan unguwa biko. Suka zauna a zaure suka ce ta yi haƙuri, laka ce, kuma ga ɗiya Allah ya raya. Yayata ta amsa daga bayan asabari.

"Baba, na san laka ta. Zanzaro shina sake gini. Ni hannunai nig gani."

Ba ta koma ba. Da ya ga haka ya sake ta, ya gaya wa mutane wai ra'ayinta bai dace da zamani ba.

Ya ci gaba da zama delege shekaru, yana jawabi a ƙarƙashin darbejiya. Labarin kuwa ya zama abin hira a kasuwa. Wasu sun ce tsirara ya gudu, wasu sun ce har kogi ya faɗa. Da farko yana fushi, daga baya ya gane labarin dariya ya fi masa sauƙi, sai ya koma yana ba da shi da bakinsa, yana ƙara gishiri, yana nuna yadda ya yage riga. Na sha jinsa a rumfar albasa mutane na tafa masa. A cikin duk waɗannan labarai ba turmi, ba mace a bakin ƙofa. Ya rasu tuni. Na je jana'iza, na yi masa addu'ar da ake yi wa kowane Musulmi, ra'ayina a kansa dai yana nan inda yake.

Inna ta rasu, yayata ma ta bi ta. Kwanan baya na ji wani matashi yana ba da labarin a wajen ɗaurin aure, bai san ko ni wane ne ba, kuma ɗiyar yayata tana cikin gidan. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Akwai abin da nake shakka. Ban tabbata ko muciya ce ko guntun taɓarya ba. Ban tabbata ko tsohuwar nan ce ta yi maganar misali ko wata ba. Wani daga cikin samarin kwamiti ya taɓa ce mini kafaɗa ce ta buge ta, ba hannu ba, wai mutum a firgice bai san abin da yake yi ba. Ni tafin hannu na gani, cikin safar hannu, a ƙirjinta, ita ma haka ta faɗa. Amma na san ido yana ƙarya, shekaru ma suna yi. In akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka tsaya a tsakar gidan ranar nan, ba a zaure ba, ina roƙonsa ya aiko mini da abin da ya gani ta hannun dangi. Inda na yi kuskure zan gyara, ko da gyaran zai rage wa mamacin laifi.